Na'urar da Ta Ƙi Karɓar Faifaina

A wata ranar Asabar, lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa a nan jihar Ohio, maƙwabcina, wani dattijo Ba'amurke da ya haura shekara saba'in, ya ce in sauko ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ya taimaka mini da wani aiki da na daɗe ina jan ƙafa a kansa. Kaset huɗu ne da na taho da su daga gida tun zuwana na farko, zarensu ya fara saki, ina tsoron ranar da rediyo zai tauna ɗaya daga cikinsu, shi kuma ya ce yana da na'urar da za ta mayar mini da su kan faifan CD ba tare da an taɓa kwamfuta ba.

Sai mutum ya ga irin wannan ɗaki da idonsa. Ana sauka ta matakalar katako, a ƙasa an shimfiɗa kafet mai kauri, a kusurwa wata na'urar tsotse danshi tana gurnani dare da rana domin kada raɓa ta taɓa kaya. A jikin bango an ɗora baƙaƙen na'urori bisa juna, dukansu faɗinsu ɗaya kamar tela ɗaya ya yanka su: amfilifaya a ƙasa, sai ta kaset, sai ta faifan garmaho a can sama, a tsakiya kuma wadda muka zo dominta, mai baki biyu, ɗaya na karanta faifai, ɗaya na naɗa. Gefe guda akwai kanta cike da faya-fayan da ya haɗa da hannunsa, kowanne da kwanan wata da jerin waƙoƙi cikin rubutu ƙanana. Akwai wanda ya haɗa domin bikin 'yarsa, akwai na doguwar tafiya a mota, akwai guda uku da ya ce ya yi wa matarsa lokacin da take jinya. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni.

Na miƙa masa sabon faifan da na zo da shi, irin wanda ake sayarwa hamsin a ƙunshi domin kwamfuta. Ya sa, na'urar ta juya shi kaɗan, ta ƙi. Ya yi dariya, ya ciro wani daga aljihun tebur wanda aka rubuta a jikinsa cewa na kiɗa ne kaɗai, ya ce wannan ne aka biya wa mawaƙa haƙƙinsu a kansa. Sannan ya ƙara da cewa, ai ya ji labarin a can wajenmu babu ruwan kowa da wannan, kowa kwafa yake yi son ransa. Cikin raha ya faɗa, na kuma san ba shi da mugun nufi, amma maganar ta kwana a raina fiye da mako guda.

Ga abin da ke bayan ƙin da na'urar ta yi. Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, aikin haɗin gwiwar Philips da Sony, kuma a shekarunsa na farko saurare kawai ake yi, ba a iya naɗa a gida. Da kaset ɗin dijital na DAT ya fito a 1987, hankalin kamfanonin waƙa ya tashi, domin kwafin dijital ba ya raguwa: na goma daidai yake da na farko, saɓanin kaset da kowane kwafi ke ƙara shuuu. Rigimar ta kai ga majalisar dokokin Amurka, wadda ta kafa dokar naɗar sauti a gida a 1992. Dokar ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan kuɗin na'ura da kashi 3 cikin 100 a kan faifan da ba a naɗa komai ba, a tara a raba wa kamfanoni da mawaƙa da marubutan waƙa. Ta kuma wajabta wani tsari da ake kira SCMS, wanda ke barin ka kwafi faifan asali ta hanyar dijital, amma ya hana ka kwafar kwafin. Saboda haka lokacin da na'urorin naɗar CD na gida suka fara araha, wajen 1997 da Philips ta fito da samfurinta CDR 870, sun zo da wannan takunkumi a jikinsu. Akwai wata ɓoyayyiyar alama da ake bugawa a faifan kiɗa tun daga masana'anta. In na'urar ba ta gan ta ba, ba za ta naɗa ko daƙiƙa ɗaya ba, alhali sinadarin da leza ke ƙonawa a faifan kiɗa da na kwamfuta duk iri ɗaya ne.

A nan ne na rabu da maƙwabcina, ko da yake a ranar ban iya faɗa masa ba. Shi yana kallon wannan tsari a matsayin wayewa, ni kuwa abin da nake gani shi ne na'urar da aka ƙera a kan zargi. Tun kafin ka naɗi komai an riga an ƙaddara cewa hannunka zai kai ga kayan wani, an karɓi tarar, ko da kuwa muryar jikanka kake son ɗauka, ko karatun da kai da kanka ka yi. Sannan na'urar tana ƙirga zuri'ar waƙa kamar mai gadin ƙofa: uba zai iya haifar ɗa, amma ɗan ba shi da izinin haihuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, dokar ba ta shafi kwamfuta ba, kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta jaddada hakan a 1999 a shari'ar ƙaramar na'urar sauraron waƙa ta Rio. A wannan shekarar ce Napster, manhajar musayar waƙoƙi ta intanet, ta ɓullo, bayan shekara biyu iPod, wata ƙaramar na'urar sauraron waƙa, ya biyo baya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan: dattijon da ke zaune a ɗakinsa yana haɗa wa matarsa waƙoƙi shi ne ke biya, miliyoyin da ke sauke waƙa ta intanet kuwa sun wuce abinsu.

Ku da kuke gida ba sai na ba ku labarin yadda waƙa take yawo a tsakaninmu ba. Kun san rediyo mai cin kaset biyu, kun san biron da ake juya zare da shi, kun san yadda kaset ɗaya yake zaga gida goma kafin ya dawo hannun mai shi, in ma ya dawo. Abin da nake so in ce kawai shi ne, ban taɓa jin wanda ya ara mini kaset ya ɗauke ni ɓarawo ba, kuma mawaƙa da yawa da sunansu ya ƙetare iyakokin ƙasashe, a kan kwafin kwafin kwafi muryarsu ta yi tafiyar. Da na'urar maƙwabcina ce a hannunmu a lokacin, da waƙar ta tsaya a gida na biyu.

Adalci ya sa in yarda da abu biyu. Na farko, dokar ta ba wa talakan Amurka wani abu a madadin kuɗinsa, domin ta hana a kai shi kotu saboda kwafin da ya yi don amfanin kansa ba don sayarwa ba. Na biyu, kuma wannan ya fi ciwo, akwai mawaƙanmu da suka tsufa cikin rashi alhali muryarsu tana tashi a kowace mota, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai mai buga dubban kwafi ya sayar daban, yaron da ya haɗa wa abokinsa waƙoƙi goma sha biyu daban, kuma maganar maƙwabcina ta zuba mu duka a buhu ɗaya. Shi kansa, faya-fayan da ke kantarsa, waƙoƙin wasu ne ya tsinto ya jera. Bambancinsa da yayana, wanda ya haɗa kaset ɗin da na kawo, kashi 3 cikin 100 ne da kuma ɗaki marar danshi.

Aikin kansa ya ci mana yini. Da yake kaset ba dijital ba ne, ta wayoyi biyu, ja da fara, muka shigar da sautin, don haka takunkumin SCMS bai hana mu wannan naɗin ba, amma babu gaggawa: minti arba'in da biyar na gefen kaset, minti arba'in da biyar za ka zauna. Faifan yana ɗaukar minti 80, saboda haka kaset mai minti 90 ba ya shiga faifai ɗaya, dole a raba. Dattijon ya sa tabarau yana daidaita ƙarfin sauti, idonsa a kan 'yan fitilun da ke hawa da sauka, domin in suka kai ƙarshe sautin dijital fashewa yake yi, ba ya yafiya irin ta kaset. Na'urar tana iya raba waƙoƙi da kanta in ta ji shiru na 'yan daƙiƙoƙi, amma kaset ɗina babu shiru a cikinsa, shuuu ɗin ya cika ko'ina, don haka ni na riƙe maɓalli ina dannawa a ƙarshen kowace waƙa. Kuskure a faifan CD-R, irin wanda muke naɗa a kai, ba ya goguwa, mun yi asarar guda biyu. Bayan an gama kuma sai an rufe faifan, wato na'urar ta rubuta jadawalin waƙoƙin a farkonsa, in ba haka ba sauran na'urori ba za su karanta shi ba.

A kaset na uku, tsakanin waƙa ta biyar da ta shida, kiɗan ya yanke. Aka ji ƙarar danna maɓalli, aka ji zakara daga nesa, sannan muryar yayana, Allah ya jiƙansa, yana cewa: "Kai ƙanena, ja ƙofar nan, ba ka ga ana ɗauka ba?" Sai wata siririyar murya ta ce, "To, Yaya." Na yi shekaru ban kai wannan wurin a kaset ɗin ba, har na manta yana ciki. Maƙwabcina ya ɗago kai ya ce kada in damu, in muka sake da faifan CD-RW mai goguwa zai iya tsayar da naɗin daidai nan, ya tsallake surutun, waƙa ta bi waƙa tsaf. Na ce masa a'a, a bar shi, a ma ba shi lamba tasa. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya mayar da kaset ɗin baya, ya ɗauko sabon faifai daga aljihun tebur, ya ƙi karɓar kuɗinsa.

Yanzu faifan yana cikin motata. Lamba ta shida daƙiƙa goma sha ɗaya ce, kuma a jikin murfin dattijon ya rubuta sunanta da ƙananan haruffansa yadda na furta masa, sai dai ya manta lanƙwasar ƙ, ya rubuta "kofa".