Albashin mata: a Jamus ma da sauran rina a kaba

Mutanenmu na gida sun ɗauka ƙasar da Angela Merkel ta mulka shekara 16 ta daɗe da wuce zancen fifita namiji a wurin aiki. A Jamus nake zaune, kuma abin ba haka yake ba. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce a 2023 abin da mace ke samu a awa guda ya gaza na namiji da kashi 18 cikin 100. Kai, sai a 1977 Jamus ta Yamma ta soke dokar da ta ce matar aure ba za ta yi aiki ba sai in aikin bai taɓa hidimar gidanta ba.

Ba zama ake a ce "ke mace ce, ga naki kaɗan" ba. Haihuwa ce ke raba hanya. Gwamnati na biyan kuɗin reno, kusan kashi biyu cikin uku na albashi, har wata 14 idan uba ma ya ɗauki wata biyu a ciki. To galibin mazan da ke ɗauka, a wata biyun nan suke tsayawa. Tun 2013 duk yaron da ya shekara yana da haƙƙin gurbi a gidan reno, amma a yammacin ƙasar sai uwa ta shiga layi tun tana da ciki. Firamare da yawa kuma da tsakar rana suke tashi. Wa zai ɗauko yaro? Uwa mana. Shi ya sa kusan rabin mata ma'aikata ba sa yin cikakken yini. Harajin ma'aurata ma ya ƙara ingiza su, don gida ya fi samun rangwame idan kuɗin ɗaya ya fi na ɗaya nesa ba kusa ba.

Wata abokiyar aikina, mai 'ya'ya uku, kullum sha biyu da rabi ta rataya jaka, ko ana tsakiyar taro. Ranar da takardar hukumar fansho ta iso mata, ta ɗora yatsa a kan adadin da za ta riƙa karɓa in ta tsufa, ta ce min ko hayar gidanta ba zai biya ba. Yaron da ta koya wa aiki shi ne shugabanmu yanzu.

A Najeriya dokar ƙwadago ta ba mai jego hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi, Kaduna kuma ta mayar da hutun ma'aikatanta wata shida a 2019. Madalla. Amma mata nawa ne ke ofis? Mai awara, mai ƙuli-ƙuli, mai ɗinkin hula ba su san hutu ba, fanshonsu kuwa adashi ne da 'ya'ya.

Matan Jamus kan yi sha'awa idan na ce musu a wurinmu ma'aikaciya na komawa aiki cikakke, ga kaka, ga ƙanwa. Ni dai ba na iya yin alfahari da wannan. Wahalar renon ba ɓacewa ta yi ba, kan wata macen aka sauke ta: tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aikatau, ko 'yar da ke yawo da farantin talla a ka lokacin da sa'o'inta ke aji. A Jamus, duk da gazawarsu, ana lissafa wa uwa shekara uku na reno a fanshonta kan kowane ɗan da ta haifa daga 1992. Tamu 'yar aikatau kuwa ko ladan wata sau da yawa ba hannunta yake shiga ba.

Don haka masu kiran a ɗauki mata aiki su haɗa da neman ɗakin reno a sakatariya, a asibiti, a Kantin Kwari, da masu reno da ake biya albashi.