Rigimar Amurka da China a kan cip ba wasan ƙwallo ba ce

Jama'a don Allah mu rage musun nan na majalisa, wannan ya ce China ta gama da Amurka wancan ya ce a'a Amurka ce ta shaƙe China. Ku buɗe bayan Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunku ku gani. Kamfanin Transsion na China ne ke yin su, gaskiya ne, amma ɗan baƙin cip ɗin nan, wato ƙwaƙwalwar wayar, da ke maƙale a jikin bod, wanda bai wuce farcen yatsa ba, sau da yawa na MediaTek ne, kamfanin Taiwan, kuma tsarin da aka gina shi a kai na kamfanin Arm ne da ke Ingila. To wayar ta wa ce kenan?

Kusan kashi 90 cikin 100 na cip mafi inganci a duniya kamfanin TSMC ne ke buga su a Taiwan, shi kuma TSMC ɗin ba ya iya motsi sai da injin buga irin waɗannan cip na kamfanin ASML na ƙasar Holan, su kaɗai ke ƙera irin wannan injin a duk duniya, su ma madubin da ke ciki daga Jamus suke samo shi wajen kamfanin Zeiss, sinadarai kuma da yawa daga Japan. Kowa wuyansa na hannun wani.

A 2019 Amurka ta sa Huawei a baƙin littafi, a Oktoban 2022 ta hana sayar ma China manyan cip da injinan ƙera su. China ba ta zauna ba, a 2023 ta taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adanai ne da ake amfani da su wajen haɗa cip, kuma ita ta fi kowa samarwa. A shekarar ne ma Huawei ta fito da Mate 60 Pro da cip ɗin da kamfanin SMIC na China ya buga a cikin gida, abin da da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba.

Mu Katsinawa wa zai ba mu labarin rufe boda? Da aka rufe a Agustan 2019 shinkafa ta daina shigowa ta Jibiya ne? Ba ta daina ba, hanyar daji ta koma bi, kuɗinta ya ninka, talaka ya biya. Haka nake kallon wannan takunkumin, ba ya tsayar da kaya kwata-kwata, tsada yake ƙara masu da wahalar samu. Amurka ta ware dala biliyan 52 a 2022 don a dawo da masana'antun gida, to ai masana'antar cip ba rumfar kasuwa ba ce da za a kafa yau a buɗe gobe, shekaru take ci.

Mu kuwa ba mu ƙera ko ɗaya, POS da inbata da mitar wuta duk sayowa muke da dala, naira kuma kun san halin da take ciki. Duk wanda ya ci wannan faɗan, mai shagon waya a Katsina ƙarin kuɗi zai faɗa maka wallahi.