Wuƙar tsakiya ta fi dacewa da girkinmu

A shagunan kayan kicin na Ingila an fi tallata wuƙa a jere, biyar ko shida a soke cikin wani kututturen katako mai ramuka, kowace da aikinta. Akwai babbar wuƙar kuku mai faɗin ciki, wadda bakinta yakan kai santimita 20, da ta burodi mai haƙoran zarto, da 'yar ƙaramar ta fira da ba ta cika wuce santimita 10 ba, da doguwar ta yanka gasasshen nama. A tsakaninsu akwai wata siririya mai tsawon santimita 12 zuwa 15, wadda suke cewa ta aikin yau da kullum. Ita ce ƙwararrun masu girki na nan Ingila, inda nake zaune, suka fi rainawa. Da yawansu cewa suke wuƙa uku sun ishi gida, ta kuku da ta fira da ta burodi, ita kuwa ta tsakiyar cikon jere ce, ta yi wa babban aiki gajarta, ta yi wa ƙarami tsawo.

Ni ban yarda da su ba, domin hukuncin nasu na masu yanka a kan katako ne. An faɗaɗa cikin wuƙar kuku ne don kada gaɓoɓin yatsu su bugi katako, an lanƙwasa bakinta don a kafa tsininta a riƙa ɗaga gindin ana saukewa a kan albasa ko ganye. In aka ɗauke katakon, sai ta zama nauyi kawai a hannu.

Mu kuwa a hannu muke yanka. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san zaman nan: uwa a kan kujera 'yar tsugunno, kwano a gabanta, kuɓewa a hannun hagu, ta tsattsaga ta a tsaye sannan ta bi ta a kwance, ƙananan yanka suna zuba cikin kwano ba tare da ta ko duba ba, tana ta hirarta. Albasa ma a tafin hannu ake sassara ta. Alayyahu da kabeji a dunƙule su tamau a yanka siri-siri, babban yatsa yana tare bakin wuƙa. Irin wannan aikin yana son wuƙa marar nauyi, siririya, mai tsini, wadda tsawonta zai ratsa albasa gaba ɗaya amma bai kai ya fi ƙarfin wuyan hannu ba. Wato ainihin wadda ake rainawa a nan. A kicin ɗina na birnin Shefild ita nake ɗauka kafin kowace. Da ita nake cire 'ya'yan tattasai, in yanka tumatir da attarugu, in fere dankali da mangwaro da gwanda, in cire kitse da jijiya daga tsoka, in bi gaɓar kaza in raba cinya da ƙirji ba tare da na sari ƙashi ba, in tsattsaga jikin kifi don yaji ya shiga. Dubi mai lemu a bakin tasha, yadda yake juya lemu yana zare ɓawon a zare ɗaya. Da wuƙar kuku ba zai iya ba.

Tana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ba ta ƙashi ba ce, ba ta kai da ƙafa ba ce, ba ta naman da ya daskare a firiza ba ce. Kabewa da babbar doya suna son wuƙa mai jiki. Wanda ya matsa mata a kan waɗannan zai ɓantare bakinta ko ya ji wa kansa ciwo. Mu ma ai mun san rabon aiki tsakanin wuƙaƙe, sai dai a wajen masu sana'a muka bar shi. Mahauci yana da ta fiɗa daban da abin sara daban, mai kilishi yana da doguwar wuƙarsa da yake buɗe tsoka da ita har ta yi shara-shara, wanzami yana da askarsa. Gida dai wuƙa ɗaya ko biyu ya sani, kuma tuwo bai taɓa fasa sauka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne irin ƙarfen da ya cika kasuwanninmu yanzu. Garin da nake zaune da wuƙa aka san shi. Ƙungiyar maƙeran wuƙarsa ta samu amincewar majalisar dokoki tun 1624, kuma a nan ne Harry Brearley ya haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, ta hanyar sa masa sinadarin kuromiyam. Wannan ƙarfen ya sauƙaƙa wa duniya wahala, amma yana da daraja hawa-hawa, kuma mafi ƙasƙancinsa shi ake jibge mana: wuƙa mai walƙiya, mariƙin roba, ka danna ta ta lanƙwashe, sati biyu ta dakushe, wata biyu mariƙin ya fita a ɗaure shi da robar taya. Wuƙar maƙera, wadda sau da yawa daga tsohon sifirin mota ake ƙera ta, tana baƙi in ta sha ruwan albasa ko lemun tsami, tana tsatsa in aka bar ta a jiƙe, amma tana karɓar wasa da sauri kuma tana riƙe kaifi. A wanke, a goge, a shafa ɗan mai, shi ke nan. Shefild ta rasa yawancin masana'antun wuƙarta bayan da kaya masu arha daga waje suka mamaye kasuwa, yau 'yan tsirarun masu sana'ar suka rage, kuma kayansu sun zama na masu hali. Ba na so maƙeranmu na Kano da Zariya da Damagaram su bi wannan hanyar alhali muna kallo.

Wajen wasa wuƙa ma mun fi mutanen nan kula. Na shiga gidaje da dama a ƙasar nan masu wuƙa shida a jere, babu ɗaya da za ta huda fatar tumatir. Suna jefa su a injin wanke kwanuka suna gogayya da cokula, wasu kuma a kan farantin gilas suke yanka, wanda ke kashe kaifi nan take. A gida mace kan goga wuƙarta a bakin dakali ko a kan dutse kafin ta fara, kuma in Babbar Sallah ta matso sai ka ga layi a wajen masu wasa wuƙa. Dakusasshiyar wuƙa sai an danna ta da ƙarfi, kuma wuƙar da ake dannawa ita ce ke zamewa ta sami yatsa.

Akwai abu ɗaya da nake fatan mu ɗauka daga wajensu ba tare da girman kai ba, shi ne raba ɗanyen nama da abin da za a ci ɗanye. A kicin ɗin gidajen abinci na nan, allon yanka ja na ɗanyen nama ne, shuɗi na ɗanyen kifi, kore na ganye da 'ya'yan itace. Ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa da zazzaɓi, wuta ce ke kashe su. Wuƙa ɗaya mai yin komai takan tashi daga gyaran kaza ta faɗa kan latas da kokwamba da albasar da za a zuba wa shinkafa da wake, bayan an ɗan ɗauraye ta da ruwa kawai. Ɗauraya ba ta isa. Sai sabulu, har mariƙin, har hannun da ya riƙe ta. Mafi sauƙi ma a fara gama yankan ganye kafin a taɓa nama.

Yanzu ina ganin hotunan jeren amare daga gida, kututturen wuƙaƙen nan ya shiga cikin kayan da iyaye ke ganin dole ne, kuma yawancinsu na arhar nan ne masu walƙiya. Iyaye mata, da za ku ji shawarata, kuɗin wuƙa shidan ku sa a kan ɗaya ta tsakiya mai kyau, ku ƙara da babba ɗaya ta doya da kabewa, da dutsen wasa. Wajen saye a duba cewa ƙarfen ya ratsa cikin mariƙin har ƙarshe an kuma dake shi da ƙusoshi, a gwada lanƙwasa bakin a ji ya yi tauri, sannan amaryar da kanta ta riƙe ta ta ji ko ta zauna mata a hannu.