Ranar da na sayo ɓera da kuɗina

Tun ina ɗan sakandare nake riƙe fad, wato abin nan mai maɓallai da 'yan sanduna da ake buga gem da shi. A gidan gem na unguwarmu na girma, inda ake buga ƙwallo a PlayStation 2, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri. Babban yatsana har kanta ya yi. Don haka da Warzone ya fito kyauta a watan Maris na 2020, ga kuma kullen korona ya zaunar da kowa a gida, sai na ce to, aikin yi ya samu. Kwana uku na yi ina sauke shi a PS4 ɗina. Ya haura giga 80, datar da za ta ishi gidanmu wata da watanni.

Ga wanda bai san wasan ba, a wancan lokacin mutum 150 ake zubowa daga jirgi a wani gari mai suna Verdansk, kowa ya nemi bindiga, wanda ya rage a raye shi ne gwani. Abin da ya bambanta shi da wasannin da muka saba shi ne babu ruwansa da irin na'urarka. Mai PlayStation da mai Xbox da mai kwamfuta duk fili ɗaya ake haɗa su. A gefen sunan kowa kuma akwai ɗan tambari da ke nuna ko fad yake riƙe ko maus.

Wannan tambarin shi ya jawo mini.

Wata biyu ina wasa, ban taɓa ganin ƙarshensa ba. Ina sauka da lema, kafin in buɗe akwati na biyu wani ya ɗauke ni daga saman bene, daga nisan da ko ganinsa ba na yi. Sai na shiga bincike, kuma na gano gaskiya, ko in ce na gano gaskiyar da ta yi mini daɗi. Mai maus da dukan hannunsa yake saiti, daga wuyan hannu har gwiwa, a kan faffaɗan tebur. Ni kuwa da babban yatsa ɗaya nake yi, a kan ɗan sandan da bai kai murfin kwalba ba. Ina adalci a nan? Duk wanda ya kashe ni sai in ce mai maus ne, ko ban duba ba.

Abokin tafiyata a wasan ɗan yayata ne, Auta, shekararsa 13. Daga gidansu yake shiga, a kwamfutar babansa, amma da wani tsohon fad da sandan hagunsa ke tafiya da kansa, har sai da ya ɗaure shi da roba. Kullum yana kashe biyar, shida. Na ɗauka sa'ar yara ce.

Ana sassauta kulle na nufi wani shagon kayan kwamfuta a titin Beirut. Mai shagon ya ɗauko mini kibod mai fitilu kala-kala kamar motar ɗaukar amarya, da maus mai maɓallai har a haƙarƙarinsa. Ya ce, "Oga, wannan in ka riƙe, kai ne hukuma." Na biya ban ko yi ciniki sosai ba.

A gida na tarar da Hajiya ta zo duba jikarta. Ta ga kwali ta ce, "Me ka sayo kuma?" Kafin in buɗe baki uwargida ta riga ni: "Hajiya, maus ne. Da Turanci ɓera ke nan." Hajiya ta dube ni sama da ƙasa. "Ɓera? Da kuɗinka? Ga su nan a sito suna cin masara kyauta, ba ka ce a kamo maka ba?"

Na haɗiye. Na san abin da nake yi.

Matsala ta farko, ba ni da tebur. Mai fad a kishingiɗe yake wasa, ƙafa ɗaya a kan kujera. Mai maus kuwa sai ya zauna kamar akawu. Na ɗora kibod a cinya, na jawo ɗan stul ɗin da muke ajiye shayi na ɗora maus a kai. Saman stul ɗin gilashi ne, maus ya ƙi gani. Na shiga kicin na ɗauko katakon yankan albasa. Ya yi aiki, sai dai duk motsin da na yi sai warin albasa ya taso.

Na soka wayoyin biyu a gaban PS4, na kira Auta. "Yau za ka ga aiki."

"To, Kawu."

Ashe tafiya ma sai an koya. W gaba, S baya, A hagu, D dama. A fad, in ka tura sanda kaɗan sai mutuminka ya taka a hankali, in ka tura da ƙarfi ya ƙara sauri. A kibod babu wannan lallami, ko ka danna ko ba ka danna ba. Ni kuma da ko wasiƙa da yatsa biyu nake bugawa kamar kaza na tsattsagar tsaba, sai na sunkuya ina neman W. Kafin in ɗago, mutumina ya yi minti guda yana goga goshi a bango. Na taɓa maus kaɗan don in juya, sai ga ni ina kallon sama. Na dawo da shi, ga ni ina kallon takalmina. Na nemi in koma fad, wasan ya ce ba a canjawa sai an gama zagayen.

Muka shiga wani ɗan ɗaki mu biyu muka laɓe. Auta ya ce, "Kawu, cika harsashi, suna zuwa." R ake dannawa. Yatsana ya zame ya sauka a G. Ban san aikin G ba sai da na ga wani abu ya bugi bango ya dawo ya faɗi tsakanin ƙafafuna.

"Kawu, me ka jefa?"

Gurneti ne.

Wasan yana da wani wuri da ake kira Gulag. A lokacin, in an kashe ka karon farko sai a kai ka wani banɗakin kurkuku, a haɗa ka da wani mamaci ɗan'uwanka, wanda ya yi nasara a mayar da shi fili. Sauran masu jiran layi suna sama suna jifanku da duwatsu. Na ce a nan zan wanke kaina. Abokin karawata ya ɓullo ta dama, na ja maus da dukan ƙarfina, katakon ya ƙare, maus ya tashi sama, gwiwar hannuna ta kwashe kofin shayi ta juye shi a kan kafet. Mutumin bai ma ɓata harsashi ba. Zagayowa ya yi ta bayana ya gama da ni da naushi.

Daga kicin na ji uwargida: "Wa ya ɗauki katakona?"

Mako guda ina wannan fama, garin neman ƙiba na samo rama. Sai na koma bincike, na kuma gano wata gaskiyar. Ashe masu fad ana taimaka musu. Tun da yatsa ba zai iya abin da hannu ke yi ba, masu yin wasan sun sa wani tallafin saiti: in bakin bindigarka ya zo kan abokin gaba sai ya rage gudu, in kuna kusa ma har ya ɗan bi shi. Mai maus ba a ba shi ko ɗigo. Shi ya sa daga nesa maus ke cin kasuwa, amma a ƙuntataccen wuri irin Gulag fad ne sarki. Masu kwamfuta a duniya kuka suke da wannan kamar yadda nake kuka da su a da. Nan take na sauya sheƙa. Duk wanda ya kashe ni sai in ce mai fad ne, inji ke yi masa saiti.

Na faɗa wa Auta haka, har na ƙara da cewa kashe shida da yake yi ba iyawarsa ba ce.

Ranar Asabar sai ga shi da sallama. Ya gaida uwargida, ya ce, "Kawu, ara mini ɓeran in gwada." Ya zauna a ƙasa, ya ɗora maus a kan littafin lissafinsa, ya shiga wani wuri ya rage masa gudu, abin da ban san ana yi ba. Zagaye biyu ya yi yana tuntuɓe, ina murmushi. A na uku ya kashe bakwai.

Ya zare wayoyin, ya miƙo mini fad ɗina da hannu biyu, cikin ladabi. "Ga shi, Kawu, mai tallafin."

Na karɓa, na kishingiɗa yadda na saba. Na sauka, na buɗe akwati ɗaya, aka ɗauke ni. Gulag ma daƙiƙa biyar na yi.

"Kawu, yanzu kuma mene ne?"

"Netwok ne."

"Ai da shi na yi yanzu."

Uwargida ta leƙo daga ƙofa tana jiran amsa, Auta ma yana jira. Ina cikin gyaran murya, Allah da ikonSa, aka ɗauke wuta.