In gawarmu kaɗai muke ƙirgawa, wa zai saurari bishararmu?

Duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye a jihar nan ta Kaduna, tambayar farko da ake yi a waya yanzu ba "mutum nawa aka rasa" ba ce, "su waye?" ce. In namu ne, kafin ka ce kwabo guruf ɗin coci na WhatsApp ya kama da wuta, ga hotuna ga ayoyi ga kiran azumin kwana uku. In kuwa mutanen Giwa ne ko Birnin Gwari aka kwashe a gona ko a sahun sallar asuba, sai ka ji tsit, can sai wani ya turo sanarwar rihazal ɗin kwaya. Na san a ɗaya ɓangaren ma haka ake yi, ina da abokai Musulmi da ke kuka da nasu mutanen kan wannan halin, amma wannan su ya shafa. Ni da 'yan gidanmu nake magana, mu da muke cewa an aiko mu mu zama shaidun Almasihu a ƙasar nan.

Ra'ayina a taƙaice, abin da ya fi cutar da aikin bishara a Arewa yau ba ƙona coci ba ne, ba kuma hana filin gini ba ne, duk da cewa dukansu suna faruwa kuma suna da ciwo. Abin da ya fi cutar da shi shi ne maƙwabcinmu ya daina yarda cewa muna faɗin gaskiya in ba ta yi mana daɗi ba. Wanda kuwa aka san ɓangarensa kawai yake karewa, ko ya rantse da me ba a ɗaukar maganarsa.

Mu a Zariya bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba, don tarihin yana nan a ƙofar gidanmu. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci 'yan mishan na CMS, ƙungiyar bisharar cocin Angilikan, har Kano, Sarki Alu ya ce su tattara su bar masa gari, suka dawo suka yada zango a Girku. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda kakanninmu ke kira Likita Mila. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zazzau, cikin ganuwa fa, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Wajen 1913 sai ga Isawa, almajiran Malam Ibrahim ɗin nan da aka kashe a Kano saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa a karatunsa, suka zo neman wanda zai ƙara musu bayani, aka zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 aka dawo da mishan ɗin Wusasa, a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa.

To a tsaya a duba me wannan ɗan ƙaramin wuri ya ba Arewa. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda da shi aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, asibitinsa na nan a Kaduna da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975. Janar Gowon a Wusasa ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne, ya je Barewa ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan Musulmi. Waɗannan mutanen ba su ɓoye addininsu ba ko kaɗan, amma Arewa gaba ɗaya suka ɗauka tasu ce, shi ya sa har yau dattijon Musulmi a Tudun Wada zai ambaci sunansu da girmamawa. Cocin St. Bartholomew ma da aka gina a 1929, ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, in ka shiga ka ɗaga kai ka ga bakan gizon rufin sai ka rantse soron wani basarake ne a cikin birni. Ba a gina shi don ya yi wa gari tsawa ba.

Kuma wa'azin da Wusasa ta fi yi da ƙarfi a asibitin St. Luke ta yi shi. Je ka ranar awo ka ga benci, mata ne da hijabi har ƙasa daga ƙauyukan kewaye, kowacce da katinta a leda da goyo a baya, kusa da su wata 'yar zumuntar mata da ɗankwalinta mai ɗauke da aya, ana ta hirar tsadar magani, nas ta leƙo ta kira suna ba ta tambayi kowa inda take sujada ba. Wanda aka karɓi haihuwarsa a wurin, ko ya girma ya zama limami, akwai irin zagin da ba zai bari a yi wa Kirista a gabansa ba.

Amma kar mu yi wa kanmu daɗin baki, tarihin nan yana da tabo. Likita Mila mutum ne mai kaifin harshe kuma yana da kunnen Turawan mulki, ƙorafe-ƙorafen da ya riƙa kaiwa suna cikin abin da ya kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja. Ko me mutum zai ce kan gaskiyar zarge-zargen, abin da ya zauna a zuciyar mutanen birni shi ne mishan da Bature mai bindiga bakinsu ɗaya. Sama da shekara ɗari ke nan Bahaushe Kirista yana biyan wannan bashin, ana masa kallon wanda ya sayar da gida. Shi ya sa gabana ya faɗi a ƙarshen 2025 da na ga wasu 'yan'uwa suna ta murna Trump ya ce zai shigo da sojoji ya ceci Kiristocin Najeriya. Na fahimci zafin da ya kawo murnar, wanda aka kashe wa iyali a Filato ko Binuwai gwamnati ta yi kamar ba ta gani ba, duk wanda ya miƙo hannu zai kama. Sai dai jirgin Amurka in ya gama abin da ya kawo shi gida zai koma, mu ne za mu wayi gari mu je kasuwar Sabon Gari sayen tumatir wurin Malam.

Akwai ranaku biyu da ya kamata kowane fasto a Zariya ya ajiye su kusa da juna ya duba. A watan Maris na 1987 rigimar da ta tashi a kwalejin ilimi ta Kafanchan ta iso nan, aka bi coci-coci ana cinna wuta. Benjamin Kwashi, wanda daga baya ya zama Akbishop na Jos, lokacin yana matashin limamin Angilikan a Zariya, cocinsa da gidansa duk sun ƙone, kuma ya sha ba da labarin yadda aka roƙi Kirista kar kowa ya rama, suka tsaya suna kallo. Wasu har gobe suna cewa ragwanci ne. Sai kuma Lahadi 17 ga Yuni 2012, aka tada bam a babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari da cocin ECWA na Wusasa da wani a Kaduna. Kafin yamma samari sun tare hanyar Abuja a wajen Gonin Gora suna fito da matafiya daga mota, mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba, laifinsu kawai suna ko kamanni. Boko Haram ce ta kai harin, amma abin da take nema waɗannan samarin ne suka ƙarasa mata shi kyauta. Shekara nawa yanzu, sau nawa ka ji an tsaya a kan bagade an kira abin Gonin Gora da sunansa, kisan kai? Muna tuna bam ɗin duk shekara, wancan kuwa mun binne shi.

Haka a Disambar 2015, a garin nan namu, sojoji suka yi arangama da 'yan Shi'a, jami'in gwamnatin jiha da bakinsa ya faɗa wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya. Ban yarda da aƙidarsu ba, kuma tare hanya da suke yi lokacin muzahara ni ma ya sha ɓata min rai. Amma da yawanmu cewa muka yi "nasu ne, su ƙarata can". A Disambar 2023 jirgin soja ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, mutum 85 aƙalla. Shugabannin CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, sun yi ta'aziyya, na yaba, amma a ƙasa, a bakin mambobi, me aka ce? Kwatanta da Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018 ya ɓoye mutum 262 a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya fita ya tsaya gaban masu bindiga yana roƙo. Labarin Basamariye mai kirki da muke koya wa yara a makarantar Lahadi, wani liman ne ya aikata shi a gaban idonmu.

Na san me za a ce min, don an sha faɗa min: wato mu naɗe hannu a ƙarar da mu ke nan? A'a. Leah Sharibu, ɗalibar da Boko Haram ta sace, tun Fabrairun 2018 ba ta dawo ba saboda ta ƙi barin addininta. An yanka Rabaran Lawan Andimi a Janairun 2020, a watan ne kuma aka kashe Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da limaman Katolika da aka sace daga makarantar a kusa da Kaduna. An kashe Deborah Samuel a Sakkwato a 2022 a bainar jama'a. Bahaushe Kirista a wasu ƙananan hukumomi ya san wahalar da ake sha kan takardar zama ɗan asali in sunansa Bulus ko Istifanus. Duk wannan a faɗe shi da ƙarfi, a kai kotu, a rubuta, kar a sassauta. Kuma ba cewa nake a daina wa'azi ba, sashe na 38 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa da ma canza shi, Musulmi na da'awa, mu ma muna fita bishara, ba abin kunya a ciki. Abin da nake cewa shi ne bakin da ya yi kukan ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka sace a Yulin 2021, shi ya kamata a ce ya yi kukan yaran Islamiyyar Tegina da aka kwashe sama da ɗari 'yan makonni kafin nan. In da mun yi wannan, da kukanmu na Bethel ya fi shiga kunne.

Wani abin kuma da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda bagade ya koma dandalin kamfe. A zaɓen 2023 an yi cocin da in ka shiga ba za ka bambance wa'azi da taron jam'iyya ba, ɗan siyasa ya zo ya ajiye ambulan mai kauri, a ba shi makirfo, a ɗora masa hannu. Tikitin Musulmi da Musulmi abin a yi magana a kai ne, na yarda, amma bayan zaɓe buhun masara bai tambayi kowa addininsa ba. Wancan ɗan siyasar kuma ba a ƙara ganinsa ba sai wani zagayen.

Ga kuma salon bisharar kanta. A kafa lasifika ta fuskanci gidan maƙwabci a kwana ana ihu, ko a hau Facebook ana tsokanar abin da mutane suke riƙe da shi da tsarki wai kare bangaskiya ake yi, ko a raba shinkafa amma sai ka ɗaga hannu an ɗauke ka hoto an tura wa masu ba da tallafi a waje. Manzo Bitrus ya ce a ba da amsa ga mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi. Sai an tambaye ka fa. Wa zai tambaye ka alhali ba ya ganinka? Turawa sun raba mu tun farko, birni daban, Tudun Wada daban, Sabon Gari daban, rikicin 2000 ya zo ya raba Kaduna gida biyu da kogi a tsakani, yanzu akwai yaron da zai gama sakandare a makarantar coci bai taɓa cin tuwon sallah a gidan kowa ba, sai ya shiga jami'a a Samaru ko Kongo zai fara zama ɗaki ɗaya da Musulmi, ya zo da tsoro shi ma wancan ya zo da nasa. Fasto James Wuye da ya rasa hannu a rikicin 1992 da Imam Muhammad Ashafa sun yi shekaru suna aikin sulhu tare, ana gayyatarsu ƙasashen duniya, amma a gida wasu namu munafuki suke kiran faston.

Abin da nake roƙon dattawan ikilisiya ba ya buƙatar kuɗin waje ko wani babban taro a otal. Lokacin addu'ar roƙo ranar Lahadi, in an ambaci Kajuru da Zangon Kataf a ambaci Giwa da Birnin Gwari da sunansu, yara su ji. In an yi rasuwa a layinku, zumuntar mata su ɗaura zane su je gaisuwa kamar yadda iyayenmu suke yi, ba sai an kafa kwamiti ba. Wanda ya turo hoton ƙarya a guruf, hoton wata ƙasa a ce Kudancin Kaduna ne, fasto ya kira shi ya sa ya goge ya ba da haƙuri a wurin da ya tura. Kuɗin da ake tarawa don tayil da gilashin sabon ginin coci kuma, a yanki wani abu a kai asibitocin mishan da makarantun da kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka yanzu, a ware gurbin 'ya'yan maƙwabta ba tare da sharaɗin komai ba. Majalisar dattawan kowane coci za ta iya yanke wannan a zamanta na wata mai zuwa.