Dillalin da ya karɓi bayanan mai sayen mota shi ne mai alhakin tsare su

A Amurka yawancin sababbin motoci da bashi ake sayensu, ko a ɗauke su haya ta shekaru. Saboda haka mai saye ba ya fita daga shagon dillali sai ya miƙa sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa da lasisin tuƙi da wurin aikinsa da yawan albashinsa, har da lambar shaida ta gwamnati wadda da ita ake duba tarihin bashin mutum. Shi a ransa, mutumin da ke zaune a gabansa ya ba wa. Amma bayanan ba a shagon suke kwana ba. Suna shiga manhajar wani kamfani da ke riƙe wa dillalin lissafi, da ta mai aika masa saƙonnin talla, da ta mai kula da shafinsa na intanet. A cikin waɗannan ’yan kwangila akwai masu riƙe amana, akwai kuma waɗanda suka gane cewa bayanan kansu haja ne. Ko a shafukan da mutum ke cike fom don tambayar farashi, an saba sayar da suna ɗaya ga dillalai da yawa, sai kira ya yi ta shigowa daga mutanen da bai taɓa nema ba.

Abin da ya faru da General Motors ya fi komai nuna munin lamarin. A watan Maris na 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa tsarin Smart Driver na OnStar, sashen General Motors mai haɗa motocinsa da intanet, yana tattara yadda mutane ke tuƙi, da gudu da taka birki da ƙarfi da tafiyar dare, ana miƙa wa kamfanonin LexisNexis da Verisk, su kuma su sayar wa kamfanonin inshora. Direbobi suka ga kuɗin inshorarsu ya tashi ba su san dalili ba. Da yawansu ba su ma san an sa su cikin tsarin ba, domin a shagon dillali aka yi musu rajista, a daidai lokacin da hankalinsu ke kan makullin sabuwar mota da tarin takardun sa hannu. Jihar Texas ta maka kamfanin a kotu a watan Agustan wannan shekarar. A Janairun 2025 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta sanar da matakin hana shi miƙa irin waɗannan bayanai ga kamfanonin tantance masu sayayya na tsawon shekara biyar, ta kuma ce akwai direbobin da ake ɗaukar inda suke duk bayan daƙiƙa uku.

Dillalai sukan ce ba su suka sayar ba, kamfanin mota ne ko kamfanin manhaja. Ban karɓi wannan uzurin ba. Idan ka ba mutum ajiya, ya damƙa wa yaronsa, yaron ya kai kasuwa, ba yaron za ka bi ba. Dillali ne ya zaɓi ɗan kwangilar, shi ya sa hannu a yarjejeniyar, shi ya buɗe masa rumbun bayanan. Dokar Amurka ma ta karkata nan: dillalin da ke haɗa wa mutane bashin mota ana lissafa shi cikin cibiyoyin kuɗi, kuma ƙa’idar tsaron bayanai da FTC ta tsaurara, wadda ta fara aiki sosai a watan Yunin 2023, ta wajabta masa sa ido a kan masu yi masa hidima.

Sakaci ma yana ɓarna kamar sayarwa. A 2016 wani mai kutse ya kai ga bayanan mutane kusan miliyan 12.5, abokan cinikin shaguna 130, a rumbun DealerBuilt, kamfanin da ke yi wa dillalai manhaja, kuma a 2019 FTC ta zargi kamfanin da ajiye su a fili ba tare da ɓoye su ba. A Yunin 2024 harin masu kutse a kan CDK Global, wani kamfanin manhajar dillalai, ya gurgunta dillalai kimanin 15,000 a Amurka da Kanada, wasu suka koma rubuta ciniki da biro.

Ba duk musayar bayanai ce cuta ba, kuma mu nan mun san haka. Mai sayen tokumbo a Kano ko Kaduna da ya sa lambar shasi a Carfax, shafin duba tarihin mota, ya ga motar ta taɓa haɗari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta, ko an mayar da mitar tafiyarta baya, yana cin gajiyar bayanan da dillalai da garejin Amurka da kamfanonin inshora suka bayar. Haka kuma idan aka gano matsalar birki ko jakar iska, dole kamfani ya san inda zai sami mai motar. Sai dai wancan tarihin mota ne, yana kare mai saye na gaba. Albashin mutum, da asibitin da ya je, da gidan da motarsa ta kwana, ba su da alaƙa da lafiyar inji, kuma wanda ya saye su ba don ya kare kowa ya saya ba.

Hukuncin General Motors kamfani ɗaya ya shafa, dubban shaguna kuwa na nan da yarjejeniyoyin da wataƙila masu su ma ba su karanta ba. Ya kamata kowane dillali ya rubuta ƙarara a kwangilarsa cewa ɗan kwangila ba shi da ikon sayar da bayanan ko amfani da su don kansa, kuma zai goge su ranar da aka rabu. Mai saye kuma a ba shi takarda ɗaya tilo, daban da tarin sauran, mai ɗauke da sunayen duk kamfanonin da za su ga bayanansa, da wurin da zai ce bai yarda ba, ba tare da an ƙara masa farashi ko an hana shi motar ba.