Bel ɗin baya na a-kori-kura: inda muke ɗora 'ya'yanmu nan aka fi yin sakaci

Yaro a kujerar baya yake zama. Likita ya faɗa, jami'an kiyaye haɗura sun faɗa, littafin da ke zuwa da mota ma haka ya rubuta, mu kuma muka ji muka bi. To wa ya tsaya ya duba bel ɗin da ke can bayan? Wa ya tabbatar yana riƙe mutum ranar da aka yi karo? Raina a ɓace yake game da wannan magana, musamman a motocin a-kori-kura masu ƙofa huɗu, waɗanda a da na kaya ne, yanzu kuwa su ke kai yara makaranta da ƙauye ranar Sallah.

A Amurka akwai wata cibiya ta kamfanonin inshora, IIHS, wadda aikinta buga sababbin motoci da gangan don a ga abin da zai sami na ciki. Tun 1995 take yin gwajin karon gaba, amma sai a ƙarshen 2022 ta fara zaunar da mutum-mutumi a bayan direba, mai girman ƙaramar mace ko yaro ɗan shekara 12. Ana buga motar tana gudun kilomita 64 a awa, gudun da kowane direba ke wucewa a hanyar Kano zuwa Zariya. Da aka zo kan manyan a-kori-kura a 2023, Ford F-150 da Ram 1500 da Chevrolet Silverado duk sun sami sakamako mafi muni, Toyota Tundra kuwa da ƙyar ta ɗara su. Ƙanana ma ba su tsira ba: Tacoma da Colorado da Jeep Gladiator duk sun faɗi. Direba yana fita lafiya a yawancin gwajin. Na baya ne ke shan wuya.

Abin da ke faruwa shi ne, bel ɗin cinya ya kamata ya zauna a kan ƙashin ƙugu, don ƙashi ne ke iya ɗaukar wannan fizga. A wasu daga cikin motocin nan, da an yi karo sai jikin na baya ya zame ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya haye ciki ya matse hanji da hanta da saifa. Yaro zai iya fitowa ba ko ƙwarzane a fuska, jini kuwa na zuba a cikinsa. Kuma masu ƙera motocin sun san maganin abin. Bel ɗin gaba yana da na'urar da ke ɗame shi nan take idan an yi karo, da wata da ke ɗan sassauta shi don kada ya karya ƙirji. Shekaru da dama ana sa su a gaba, a baya kuwa motoci da yawa babu. Dalilin bai wuce cewa ba a gwada bayan ba, don haka ba wanda ya ga asarar kuɗinsa a kan wurin da ba za a ba shi maki ba. Motar dala dubu hamsin, an yi mata allon taɓawa da kujera mai ɗumama baya, amma an yi rowar abin da zai riƙe yaro!

Kujerar jarirai ma wata fitina ce a irin wannan mota. Tun 2002 doka ta tilasta a Amurka a sa ƙarafunan da ake maƙala kujerar yaro a jikinsu, biyu a ƙasa, ɗaya a sama don igiyar da ke hana kan yaro tafiya gaba. A ƙaramar mota wurin a fili yake. A a-kori-kura kujerar baya manne take da bango, sai ka ga an ɓoye madaurin a bayan jingina, ko a ce ka zura igiyar ta wani madauki ka kai ta madaurin kujerar gefe. Uwa mai goyo a tsakiyar rana za ta tsaya warware wannan? A 2022 Toyota ta kira Tacoma kimanin 75,000 a dawo da su saboda waldar wannan madaurin na sama ba ta kama sosai ba. Ka yi duk abin da aka ce, ka ɗaure ɗanka yadda ya dace, ashe ƙarfen da ka dogara da shi ne ba shi da ƙwari.

Can Amurka dai ana aika wa mai mota wasiƙa, a gyara masa kyauta. Motar da ta bi gwanjo ta hau jirgin ruwa ta sauka Legas ko Kwatano fa, wa zai aiko mata wasiƙa? Tawa a-kori-kurar ta hannu ce, kuma bel ɗinta na baya na dama yana yin ƙara kamar ya kama, amma da ka fizge shi da ƙarfi sai ya kwance. Na tsakiya kuwa mai ɗinkin rigar kujera ya tura bakinsa ƙarƙashi ya ɗinke a kai, don wai yana ɓata masa aiki. Na koma wurin dillalin da ya sayar min, ya ce, "Haba Alhaji, inji lafiya, giya lafiya, sanyi na aiki, a kan bel za ka dawo?" Na je gareji, makaniki ya feshe shi da mai ya ce, "Maigida, ai na baya ne, wa ke ɗaurawa?" 'Yata ke ɗaurawa. Da na nace sai aka kawo min wani daga kasuwar kayan gyara, an ciro shi daga motar da ba wanda ya san ko haɗari ta yi. Bel ɗin da ya taɓa riƙe mutum a karo ya gama aikinsa, zarensa ya miƙe, sabo ake sawa. Mai shagon ko a jikinsa.

Haka kujerun yara da ake jibgewa a gwanjo. Robarsu tana da wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10, kuma kwanan watan na manne a jikinta, amma sai ka tarar an kankare takardar, babu littafi, igiyar sama an yanke. Sabuwa kuwa tana da tsada ga ƙaramin ma'aikaci. Sai iyaye su haƙura su rungume yaro a cinya, a ce Allah ya tsare. Amin, Allah ya tsare, amma shi ya ba mu hankalin ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Hannun uwa, duk son da take yi wa ɗanta, ba ya iya riƙe shi idan mota ta tsaya cak daga gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya.

Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya ta fara kama marasa bel tun 2003, kuma ta yi ƙoƙari, direbobi sun koyi ja da zarar sun hango shinge. Amma jami'i yana leƙa ƙirjin direba ne ya ɗaga hannu a wuce, yara huɗu na tsaye a baya suna leƙen taga, wasu ma a buɗaɗɗen bayan motar tare da buhunan masara. Masu duba lafiyar mota kuma fitila da taya da takardu suke tambaya. Ban taɓa ganin wanda ya buɗe ƙofar baya ya ja bel ya ga ko yana kamawa ba.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Duk motar da za a ba takardar lafiya, a fizgi kowane bel da ke cikinta, gaba da baya. Dillali ya shigar da lambar jikin mota mai harafi 17 a shafin hukumar NHTSA mai kula da kiyaye haɗuran mota ta Amurka, kyauta ne, ya nuna wa mai saye ko akwai gyaran da aka kira ba a yi ba. A cire harajin shigo da kujerun yara. Masu ɗinkin kujera su daina binne bakin bel. Ni dai har yanzu ina jiran sabon bel da na yi oda daga waje da kuɗin da ban shirya kashewa ba, 'yata kuma tana zama a bayan direba, don nan ne kaɗai bel ɗin ke kamawa.